Spirograph Deluxe a Ajin Lissafi da Zane: Abin da Yake Iyawa da Inda Ya Gaza

Spirograph saitin robobi ne masu haƙora da ake zana furanni da taurari da su. Ana kafa zobe a kan takarda, a saka faifai a cikinsa yadda haƙoransu za su shiga juna, a zura bakin biro a ɗaya daga cikin hudojin faifan, sai a yi ta zagayawa har layin ya dawo inda ya faro. Wani injiniya ɗan Ingila, Denys Fisher, shi ya ƙera shi, aka fara nuna shi a kasuwar baje kolin kayan wasa ta Nuremberg a Jamus a 1965. Har yau cikin kayan wasan yara ake sayar da shi, kuma an rubuta a jikin kwalin cewa na 'yan shekara 8 ne zuwa sama.

Wannan sharhi ya duba samfurin Deluxe ne da idon malami ko iyaye masu son yaro ya koyi lissafi da zane a zama ɗaya. Robobin sun cancanci shiga aji. Ɗan littafin da ke tare da su ne bai kai ba, don ya fi mai da hankali kan "ɗauki wannan faifai, sa biro a wannan huda", bai tsaya ya warware dalilin da ya sa furen ya fito da tsini biyar ba shida ba. Wannan dalilin kuwa shi ne darasin gaba ɗaya, kuma malami ne zai kawo shi daga kansa.

Abin da ke cikin akwatin

Zobba biyu ne. Kowanne yana da haƙora ciki da waje, an kuma buga adadinsu a jikinsa: ɗaya 144 a waje da 96 a ciki, ɗayan 150 a waje da 105 a ciki. Sai fayafayai masu siffar da'ira, kowanne da lambarsa, wadda ita ce yawan haƙoransa: 24, 30, 32, 40, 42, 45, 48, 52, 56, 60, 63, 72, 75, 80 da 84. Akwai wasu 'yan fayafayan da ba da'ira ba, da sanda mai haƙora, da biro uku, da takardu, da wani danƙo mai laushi da ake manna zoben da shi. Tsofaffin saiti da ƙananan ƙusoshi ake kafa zobe a kan kwali, na yanzu danƙo ya maye gurbinsu. Hudojin kowane faifai ma suna da lamba: huda ta 1 ita ta fi kusa da baki, sauran suna matsawa zuwa tsakiya.

Buga lambobin nan a jikin robar shi ne babban abin da ya bambanta wannan saiti da kwaikwayonsa masu araha. Wasu na kwaikwayo ba su da lamba ko ɗaya. In irinsu ke hannu, sai a ɗiga wa haƙori ɗaya maka, a ƙirga daga nan har a dawo, a rubuta adadin a jiki da maka marar gogewa. Ba tare da lambobin ba, abin da ya rage wasa ne kawai.

Lissafin da ke ɓoye a haƙoran

A ɗauki zoben 105 da faifan 42, biro a huda ta 1. Duk lokacin da faifan ya gama taka haƙoransa 42, biron yana dawowa kusa da bangon zoben, wato an samu tsini ɗaya. Tsini na farko bayan mafari yana kan haƙori na 42, na biyu kan na 84, na uku kan na 126, wanda ya wuce zagaye ɗaya da 21. Na huɗu 168, na biyar 210. To 210 ninkin 105 ne sau biyu cif, don haka a nan layin ya rufe. Sakamako: tauraro mai tsini 5, da aka gama cikin zagaye 2.

Wannan 210 ita ce mafi ƙanƙantar lamba da 42 da 105 ke shiga cikinta ba saura, wadda littattafan makaranta ke kira LCM. Hanya mafi sauri kuwa ita ce a rubuta 42 bisa 105, a rage shi har ya ƙi raguwa. Babbar lambar da ke raba su duka biyu, wato HCF, ita ce 21, sai a samu 2 bisa 5. Ta ƙasa ita ce yawan tsini, ta sama ita ce yawan zagaye. Wannan ƙa'ida ba ta saɓawa ga kowane faifai mai da'ira. Faifan 60 a zoben 96 yana ba da 5 bisa 8, tsini 8 cikin zagaye 5. Faifan 32 a zoben 96 yana ba da 1 bisa 3, alwatika mai kumburarrun gefuna da ake gamawa a zagaye ɗaya. Shi wannan faifan 32 ɗin, in aka mai da shi zoben 105, babu lambar da ke raba su sai 1, don haka sai an zagaya sau 32 kafin tsini 105 su cika.

A nan ne kayan ya yi abin da allo ba ya iyawa. Rage lamba bisa lamba aiki ne da yara da yawa ke yi don an ce su yi. Amma yaron da ya ga 30 bisa 105, da 45 bisa 105, da 60 bisa 105, da 75 bisa 105 duk sun haifi siffa mai tsini 7, ya ga da idonsa cewa 2 bisa 7, 3 bisa 7, 4 bisa 7 da 5 bisa 7 'yan gida ɗaya ne. Kuma siffofin ba iri ɗaya ba ne, abin da ke buɗe tambaya ta gaba. Lambar sama tana faɗin tsallen da biro ke yi daga tsini zuwa tsini. A faifan 42 yana tsallaka zuwa na biyu kowane karo, wato digiri 144, shi ya sa tauraro ke fitowa kamar wanda ake zanawa da hannu ba tare da an ɗaga biro ba. Faifan 63 shi ma tsini 5 yake bayarwa, amma da yake ya fi rabin zoben girma, layinsa yana naɗewa ya yi madaukai masu kama da ganyen fure maimakon tsinin tauraro.

Tambayar da ta fi dukkan waɗannan amfani ita ce ta baya-baya. A ce wa yaro ana son fure mai ganye 7, wane zobe zai ɗauka? Zai gwada 96 ya kasa, don 7 ba ta raba 96. Yawan tsini dole ya zama lambar da ke raba haƙoran zoben. Zoben 96 shi ne 2 sau 2 sau 2 sau 2 sau 2 sau 3, shi ya sa yake ba da 2, 3, 4, 6, 8, 12, 16, 24 da 32. Zoben 105 kuwa 3 sau 5 sau 7 ne, yana ba da 5, 7, 15, 21, 35 da 105. Mai son tsini 9 sai ya fita waje, ya zagaya faifan 32 ko 80 a bayan zoben 144. Mai son 10 ya zagaya faifan 45 a bayan 150. Mai son 11 ko 13 ba zai samu ba a zobban nan biyu, ciki ko waje, kuma bayyana dalilin haka aikin gida ne mai kyau ga ɗan ƙaramar sakandare.

Faifan 48 a zoben 96 ya cancanci a tsaya kansa. Rabin zoben ne daidai, kuma kowace huda a jikinsa siffar ƙwai take zanawa: ta kusa da baki siririya, ta kusa da tsakiya mai kusan zama da'ira. Da akwai huda a kan bakin faifan sosai, da miƙaƙƙen layi za ta zana, duk da cewa motsin biyu na da'ira ne. Masanin taurari Nasiruddin al-Tusi ya bayyana wannan tun a 1247, a aikinsa kan motsin taurari. Yara kan ɗauka faifan ya lalace in sun ga bai ba da fure ba, alhali shi ne ya fi kowanne labari.

Ɓangaren zane

Kada a ɗauka launi ado ne da ake ƙarawa bayan an gama lissafi. Shawarwarin mai zane a nan duk na lamba ne. Duhu da haske suna fitowa daga cunkoson layuka: siffa mai tsini 35 tana yin duhu a inda layuka ke haɗuwa, ta bar fili a tsakiya, mai tsini 5 kuwa a buɗe take ko'ina. In ana son siffa ta yi kauri kamar ƙyalle mai ninki, sai a maimaita ta da huda ta 1, ta 2, ta 3, ana daidaita kowace huda da alama ɗaya a zoben kafin a fara. In ana son ta murɗe, sai a matsar da faifan haƙori ɗaya duk lokacin da aka sauya huda. Haƙori ɗaya a zoben 96 digiri 3.75 ne. Alwatikar faifan 32 tana da haƙora 32 tsakanin tsini da tsini, don haka in aka zana ta sau 8 ana matsarwa haƙora huɗu-huɗu, za a samu tauraro mai tsini 24 da ya rufe daidai. In aka matsar biyar-biyar ba zai rufe ba, za a ga tazarar tsinin ta saɓa a wurare uku.

Haɗa siffofi biyu a zobe ɗaya ma yana da ƙa'ida. Mai tsini 4 da mai 8 da mai 16, wato fayafayan 24, 60 da 30 a zoben 96, suna zama cikin juna lafiya. Mai 8 da mai 12 suna haɗuwa a wurare huɗu. Mai 5 da mai 7 kuwa a tsinin farko kawai suke haɗuwa, daga nan kowa ya kama gabansa, ido kuma yana ganin hargitsin tun kafin a yi lissafi. Yaro mai idon zane da ya ce "wannan bai zauna ba" ya gano cewa 5 da 7 ba su da lambar da ke raba su sai 1, ko da bai san sunan abin ba. Aikin malami ya ba shi sunan.

A fara da launi mai haske, a ƙare da mai duhu, don baƙi yana rufe ruwan ɗorawa amma ruwan ɗorawa ba ya rufe baƙi. Launi biyu ko uku sun isa.

Inda ake samun matsala

Babbar matsala ita ce zamewa. Faifan ya tsallake haƙori, ko ya hau kan zoben, ko ya kutsa ƙarƙashinsa, sai layi ɗaya ya ratsa zanen ya ɓata shi. Dalilai uku ne ke jawo haka. Na farko danƙo ya yi kauri. In aka manna shi dunƙule-dunƙule, yana ɗaga zoben sama da takarda, faifan ya sami hanyar shiga ƙasa. A gutsiro ƙanana uku ko huɗu, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, a raba su kewaye da zoben nesa da haƙora, a danna har zoben ya kwanta. Na biyu karkata biro. Riƙon rubutu na yau da kullum a karkace yake, kuma karkacewar tana ɗaga gefen faifan. Biro a tsaye cak ake so. Na uku shi ne inda ake tura ƙarfi. Ba ƙasa ake dannawa ba, faifan ake turawa a hankali zuwa bangon zoben don haƙora su ci gaba da cizon juna. Wurin da ya fi haɗari shi ne daidai tsini, lokacin da biro ya zo kusa da bango zai juya. A rage gudu a nan, musamman da huda ta 1 a manyan fayafayai irin 75, 80 da 84.

Danƙon shi ne mafi rauni a cikin kayan. Yana kwasar ƙura da gashin takarda, riƙonsa ya ragu, wani lokaci ya bar tabon maiƙo a siririyar takarda. Kuma zoben kawai yake riƙewa, ba ya hana takardar kanta motsi. A manna kusurwoyin takardar huɗu a tebur da tef na takarda, yatsu biyu na ɗaya hannun su zauna kan zoben. Teburin ya zama mai santsi da tauri. In akwai tsagi a katakon, a shimfiɗa kwali mai kauri a ƙasa.

Birorin da ke cikin akwatin na fara aiki ne kawai. Biro mai baki 0.5 zuwa 0.7 na milimita yana shiga hudojin, haka ma siririn alƙalamin zane mai 0.4. Mai tawada mai ruwa-ruwa yana jawo matsala, don faifan yana bi ta kan layin da bai bushe ba ya shafe shi, tawadar kuma ta taru a ƙasan robar ta ɓata zane na gaba. A riƙa goge bayan faifan da ƙyalle tsakanin launi da launi. Fensir yana aiki amma bakinsa yana ci, layin ya yi ta kauri. Takardar buga rubutu mai nauyin giram 80 ta isa ga siffofi masu tsini kaɗan. Ga masu 32, 35 ko 105, inda layuka da yawa ke ratsa wuri ɗaya, gara mai giram 120, in ba haka ba takardar na iya hujewa.

Zagayawa ta bayan zobe ta fi ta ciki wuya sosai, don babu bangon da ke tare faifan, kuma tana cin fili. A bar ta sai hannu ya saba. Fayafayan da ba da'ira ba suna ba da siffofi masu ban sha'awa, amma sun fi saurin zamewa, kuma ba su ƙara wani abu ga darasin rabawa. Faifan 24 da na 30 ƙanana ne, su ke fara ɓata. Akwatin yana da gurbin kowane yanki, a ƙirga su kafin a tashi.

Akwai gazawa biyu da suka shafi koyarwa kai tsaye. Tsofaffin saiti suna da fayafayan 36, 50 da 64, wannan ba shi da su. Rashin 50 yana nufin babu yadda za a samu tsini 48 a zoben 96. Kuma babu faifai ko ɗaya mai lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da 1, irin 31 ko 37, wanda da shi ne za a fi nuna abin da irin waɗannan lambobi ke yi. Abin da ya fi kusa shi ne 32 ko 52 a zoben 105. Gazawa ta biyu ita ce zobba biyu ne kacal. Komai yawan fayafayan, yara biyu ne ke zane a lokaci ɗaya. Saiti ɗaya yana ɗaukar yara huɗu in an raba su biyu-biyu, ɗaya na zane, ɗaya na riƙe zobe yana ƙirga zagaye, sannan su yi musanya. Aji mai yara 40 yana buƙatar saiti 10, ko a ajiye shi a kusurwar aji, rukuni-rukuni su riƙa zuwa bi da bi.

Yadda za a tsara darasin minti 40

Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗi ƙa'idar tun farko, sai zanen ya koma tabbatar da abin da malami ya riga ya ce. Ɗaya kuskuren kuma a bar yara su yi ta zane har a tashi ba wanda ya rubuta lamba. Tsakanin biyun ake bi.

Minti 10 na farko na sabawa da kayan ne, da faifan 24 ko 32 a zoben 96 da huda ta tsakiya, don suna rufewa a zagaye ɗaya kuma ba sa yawan zamewa. Minti 15 na gaba kowane rukuni ya zana siffofi huɗu, ya cika jadawali mai gida huɗu: haƙoran zobe, haƙoran faifai, yawan tsini, yawan zagaye. Fayafayan da suka dace su ne 40, 60, 72 da 80 a zoben 96, ko 30, 42, 45 da 63 a zoben 105. A ɗiga alama a tsinin farko da fensir, in ba haka ba ƙirgar tana rikicewa. Kada a ba da 52 a zoben 105 a wannan mataki, zagaye 52 ne, kuma da wuya sabon hannu ya kai ƙarshe bai zame ba. Daga nan a tattara sakamakon duk rukunoni a allo, a bar yara su nemi alaƙar da kansu. Minti 10 na ƙarshe a ba su faifan da ba su taɓa ba, misali 84 a zoben 96, kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin a taɓa biro. Amsar tsini 8 ne cikin zagaye 7. Wanda hasashensa ya kauce, a sa shi ya nuna inda ragewar ta karkace. Launi da haɗa siffofi su zama darasi na biyu, inda kowane yaro zai rubuta lambobin da ya yi amfani da su a bayan zanensa, yadda wani zai iya sake fitar da shi daga lambobin kaɗai.

Ga 'yan babbar sakandare, ana iya ɗaukar siffar zuwa kwamfuta. In R haƙoran zobe ne, r na faifai, d kuma nisan huda daga tsakiyar faifan a ma'auni ɗaya da su, t kuwa kusurwar da faifan ya zagaya a cikin zoben, to x = (R − r)cos t + d cos((R − r)t/r), y kuma = (R − r)sin t − d sin((R − r)t/r). Manhajar GeoGebra, wadda kyauta ce, tana zana wannan nan take, kuma a can ana iya gwada faifan 37 ko zoben 110 da babu su a akwatin. Amma a fara da robar. Allon kwamfuta yana fitar da tsini 105 cikin ƙiftawar ido, yaro bai ji bambancinsa da tsini 5 ba, alhali wanda ya zagaya sau 32 da hannunsa ya ji.

Saitin ya fi dacewa da 'yan aji huɗu na firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, lokacin da ake koyon rabawa, ninki da kusurwa. Ƙasa da shekara 8 yawanci hannu bai iya haɗa riƙon biro a tsaye da tura faifai ba, sai abin ya zama takaici, ga kuma ƙananan fayafayan da bai kamata su kusanci bakin ƙaramin yaro ba. Mai saye don aji ya haɗa da tef na takarda, da fakitin biro masu siririn baki, da takarda mai giram 120, ya kuma duba cewa 144/96 da 150/105 suna rubuce a jikin zobban, don akwai ƙananan samfura na tafiya masu zobe ɗaya da fayafayai kaɗan, waɗanda ba za su ɗauki jadawalin da aka bayyana a sama ba.